Ƙwari sun huda mini irin wake, ga damina na tahowa

Ɗan Mokolo:
Assalamu alaikum jama'a. Jiya na kwance buhun waken da na ware na iri tun kaka, farin wake mai baƙin hanci da na gada wajen mahaifina. Hannu na tura, na fito da shi duk gari, ƙwari na yawo a yatsuna. Wata ƙwayar huji ɗaya, wata uku har huɗu. A buhun taki na zuba shi, na ɗaure tamau, na jingine a ɗakin uwargida. To ta ina suka shiga? Yanzu muna Afrilu, mu nan arewacin Kamaru sai ƙarshen Yuni ko Yuli muke shuka wake. In shuka shi haka, ko in haƙura in nufi kasuwar Litinin ta Marwa?

Malamin Gona, Marwa:
Wa alaikumus salam Malam. Ba shiga suka yi ba, kai ka ɗauko su daga gona. Uwar ƙwaron tana yin ƙwai a jikin wake tun yana ɓawonsa, tsutsar ta kutsa cikin ƙwaya ta yi ta ci. Hujin da ka gani ƙofar fitarta ce bayan ta girma. A zafin nan wata ɗaya ma ba a cikawa sabon zubi ya fito, ka lissafa daga Nuwamba zuwa yau. Buhun taki kuwa iska na ratsa shi, ɗaurinka bai hana su numfashi ba.

Kada ka zubar tukuna. Tsince masu lafiya da masu huji ɗaya, ƙirga 100, jera su a jiƙaƙƙen tsumma, ka naɗe ka ajiye a inuwa, kana yayyafa ruwa. Bayan mako ka ƙirga tsiro. In ka samu 80 iri ne, in 60 ne ka ƙara ƙwaya a rami. Amma fara kashe na ciki: shimfiɗa busasshiyar ciyawa, ɗora baƙar leda, baza waken kada ya yi kauri, rufe da farar leda mai nuna ciki, ka naɗe bakinsu tare ka danne da duwatsu. Awa 2 da tsakar rana. Ranar Afrilu da muke kuka da ita, ga amfaninta.

Inna Mai Ƙosai:
Ɗana, ina tokar murhun matarka? Mu a garin Gidar da ita muka tashi. A rairaye ta, ta huce sarai, kwanon toka kwanon wake, a cakuɗa a tulu, a ƙara toka a sama a liƙe baki. Sai dai wake mai yawa zai ci maka toka, ga wanki kafin girki. Kuma don Allah kada wani ya ce ka jefa ƙwayar maganin ƙwarin nan Phostoxin a ɗakin da ake kwana, hayaƙinta kisa yake yi. Masu huji huɗun nan kuma ko ni ba na saye, ƙosansu wari yake, sai dai a ba kaji.

Malamin Gona, Marwa:
Inna ta faɗi gaskiya. Abin da ke ba ni haushi, buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, a Marwa aka fara gwada dabararsa wajen ƙarshen shekarun 1980, masu binciken gonarmu tare da Jami'ar Purdue ta Amurka, kafin a fara yaɗa shi a 2007. Amma har yau manomin Mokolo na zuba iri a buhun taki! Kowace leda a matse iskarta a ɗaure daban, ƙwarin su shaƙe. Jarka mai murfi ma ta yi, in ta bushe kuma ka cika ta fal. Sharaɗi ɗaya: ba a buɗewa a ɗebi na miya.

Ɗan Mokolo:
Allah ya saka, Inna da Malam. Maganar ɗiba ta taɓa gidana, don sau uku ana cin ɗanwake ban tambayi daga ina ba. Na jiƙa 100 ɗazu bayan la'asar. Malam, jarkar da aka taɓa zuba man gyaɗa za ta yi in an wanke, ko sai sabuwa?