Kitsen jini: muhawarar zauren 'yan Aboabo

Baba Sule: Jama'a, raina a ɓace yake. Shekara 6 ina shan metformin, maganin ciwon sukari, na bar sobolo, koko ma babu sukari nake sha. Yau gwajin sukarin jini na HbA1c ya fito 8.4, likita kuma ya ce sukari yana taɓa kitsen da ke jikin jajayen ƙwayoyin jinina. To wahalar me nake sha?

Alhaji Iro mahauci: Kitse? Baba Sule da ƙashin wuyansa a waje? Kome ya samu mutum sai a ce nama ne. Kakanmu tozo ya ci har ya tsufa.

Hajiya Rabi nas: Alhaji, ba tozo ake nufi ba. Kowace jar ƙwaya tana da 'yar fata, kuma da maiƙo aka gina ta, har da kolestarol. Laushin fatar ne ke sa ƙwayar ta lanƙwashe ta bi jijiyar da ta fi ta ƙanƙanta. In sukari ya daɗe a sama, maiƙon yakan lalace, fatar ta yi tauri, jini ya riƙa wahalar kaiwa yatsun ƙafa. Ƙwayar kuma kwana 120 take yi, shi ya sa gwajin Baba yake ba da labarin wajen wata 3, ba na jiya ba.

Alhaji Iro: Kun ji? Maiƙo ta ce. Maiƙo na masu manja ne.

Mma Adiza: Kul, Alhaji! Shekara 20 ina sayar da manja a kasuwar Asawase. Wa ke bulbula wa cicinga mai kowane dare, ni ko yaranka?

Ɗanladi: Mu a Nima kitse daban, mai daban. Ku 'yan Kumasi ne kuke cakuɗa Hausa.

Malam Tanko: Yaro, Hausar Ankara za ka kawo mana nan? Gaida manya tukuna.

Baba Sule: Don Allah, in ci gaba da maganin ko in bari?

Hajiya Rabi: Kada ka bari, Baba. Koma gun likita, wataƙila a ƙara maka wani ko allurar insulin.

Mma Adiza: Ni dai sai Alhaji ya janye maganarsa.

Shugaban zaure, ƙanen Alhaji Iro: An rufe. Abin da na fahimta, Hajiya da bakinta ta wanke nama, ta ce maiƙo ne. Masu manja su yi haƙuri. Ɗanladi kuma ya nemi afuwar Malam kafin magariba. Allah ya ba Baba Sule lafiya.