Wai da wane suna za mu kira petition irin na matan Niyu Zilan?

Jama'a a taimaka min. Ƙanwata ce ta kawo aikin makaranta kan yadda mata suka samu 'yancin jefa ƙuri'a, muna cikin mayar da shi Hausa muka maƙale a kalmar petition. Ni dai fetishan na taso ina ji, kuma a wajenmu in aka ce an rubuta wa mutum fetishan to an kai sukarsa sama ne ana so a raba shi da kujerarsa. Wannan kuma daban ne.

Ga abin da ya faru. A 1893 Kate Sheppard da matan ƙungiyarta suka rarraba takardu gari gari a Niyu Zilan, mata na bi gida gida suna karɓar sa hannu, in takarda ta cika a dawo da ita, sai a manna ta da gam a gindin 'yar'uwarta, haka haka har babbar ta wuce mita 270, aka naɗe ta kamar tabarma. Gaba ɗaya, in aka haɗa da ƙananan, sa hannu kusan 32,000. Wani ɗan majalisa John Hall ya shiga da ita zauren majalisa aka warware ta a ƙasa kowa na gani. 19 ga Satumba na shekarar aka sa wa dokar ba mata ƙuri'a hannu, mata suka yi zaɓe a Nuwamba, amma tsayawa takarar majalisa sai 1919 aka ba su dama.

To wani ya ce min takardar koke. Na san ita aka saba ji a rediyo, amma wallahi ba ta kwanta min ba, koke na wanda aka zalunta ne ya zo yana neman a share masa hawaye, su kuwa waɗannan yawansu suka kawo a ƙirga. Takardar roƙo ma haka, ai ba alfarma suka nema ba. Ƙara kuma ta kotu ce, irin ƙarar zaɓe.

Ni abin da ya zo min shi ne takardar gayya. Duk wanda ya taɓa zuwa gayyar noma ya san yadda take, kowa da fartanyarsa, kowa ya kama kunyarsa, kafin azahar gonar da mutum ɗaya zai yi sati a kanta an gama. Nan ma kowace mace layi ɗaya ta rubuta, sunanta da inda take zaune. Ko ta Ingila ta 1866 da ɗan majalisa John Stuart Mill ya kai majalisa, sa hannu wajen 1,500 ne kawai, amma gayyar ce dai.

Na san wani zai ce kunne zai tafi ga ramuwar gayya, shi ya sa a karon farko na sa ƙanwar tawa ta rubuta takardar gayyar sa hannu, daga baya a gajarce. Mutanen Katsina da Damagaram in kuna da wadda ta fi wannan ku ajiye min a nan, Litinin za ta miƙa aikin.