Asalin rai daga sinadarai: da wane hasashe zan fara?

Ɗaliba: Assalamu alaikum. An ba ni semina kan yadda sinadarai suka haɗu har rai ya samu. Hasashen sun yi yawa, kaina ya ɗaure. Da wanne zan fara?

Malamin kemistiri: Wa alaikumus salam. Fara da Stanley Miller, 1953, Jami'ar Chicago. Takardarsa shafi biyu ce kacal a mujallar Science. Ya zuba ruwa da iskar mithen da amoniya da haidirojin a kwalba, ya yi mako guda yana sakar musu tartsatsin lantarki a madadin walƙiya. Ruwan ya rine, amino asid, wato tubalan ginin furotin, suka fito.

Ɗan ajin ƙarshe: Malam, Allah ya ƙara sani, amma kada ta tsaya nan. Masana ƙasa yanzu sun fi ganin kabon dayoksaid da naitirojin ne suka rinjayi iskar farkon duniya, kuma a irin wannan iskar gwajin ba ya bayar da yawa. Ni dai ɓangaren masu hasashen cewa rai ya faro a teku nake. Ƙanwata, ki nemi Lost City, maɓuɓɓugan ruwan ɗumi da aka gano a ƙarƙashin tekun Atlantika a 2000. Duwatsunsu cike suke da ƙananan kofofi, ruwa mai kanwa na haɗuwa da ruwan teku, bambancin yawan kanwa tsakanin ruwan biyu ya ba da ƙarfi irin wanda ƙwayoyin jikinmu ke aiki da shi har yau. Michael Russell da Nick Lane ne jagororin.

Anti mai bayoloji: To ai ruwan ne matsalar! Yawansa yana tsinka dogayen sarƙoƙin sinadarai. Shi ya sa wasu suka koma tafkin da ke cika yana ƙafewa, kamar kududdufin damina. Ki haɗa da batun RNA, 'yar'uwar DNA a cikin ƙwayoyin halitta: tana ajiye bayani, tana kuma hanzarta haɗuwar sinadarai, abin da ya kai Cech da Altman ga lambar Nobel a 1989. A 2009 tawagar John Sutherland a Manchester ta haɗa biyu daga tubalanta huɗu daga sinadarai masu sauƙi. Wannan ne ya fi gamsar da ni.

Malamin kemistiri: Kada a manta da dutsen Murchison da ya faɗo Ostireliya daga sararin samaniya a 1969, da amino asid a cikinsa.

Ɗaliba: Na gode ƙwarai. Miller zai zama shimfiɗa, sai in gwama teku da tafki. Anti, zan turo miki daftarin ranar Asabar in sha Allah.