Filastar kanular Hajiyarmu tana ta ɗagowa

Maman Hanif: Assalamu alaikum. An sallamo Hajiyarmu daga asibiti shekaranjiya da kanula (siririn bututun roba da ake sawa a jijiya don yin allura) a bayan hannu, saboda ragowar allurai da nas ke zuwa yi mata a gida. An rufe wurin da filasta mai kama da leda, wadda ake hango fata ta cikinta, sunanta Tegaderm. Ga zafin Kano, ga ba wuta, zufa ta ɗaga gefenta, har ɗan ruwa ya taru a ciki. Ƙanina ya ce mu liƙa filastar kemis a kai. Ita kuwa Hajiya alwala ce damuwarta. Don Allah ya za mu yi?

Anti Nas: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Hajiya lafiya. Kada ku liƙa komai a kai, danshin za ku kulle wa ƙwayoyin cuta. Ledar tana hana ruwa shiga, tana barin tururin fata ya fita, amma zufa mai yawa ta fi ƙarfinta. Idan ta zauna daram takan kai kwana 7. Da zarar ta ɗago ko ta jiƙe, canji ya wajaba. Ki kira nas ɗin yau ta sauya. Ta goge da sifirit, ta jira ya bushe sarai, kuma kada ta ja ledar wajen liƙawa, jan ne ke tayar da bororo. In zufar ta ƙi, a koma bandeji mai raga, a riƙa canzawa bayan kwana 2. Kafin ta iso, ki leƙa ta ledar, don haka aka yi ta garau: in kin ga ja, kumburi ko mugunya, ko Hajiya ta ce allura na mata zogi, kanular kanta za a cire.

Baban Sadiƙ: Ku kula wajen cirewa. Ta tsohuwarmu sama aka fizge ta, fatar ta saluɓe, har yau abin na raina. A danne fata da yatsa, a riƙa miƙe ledar a kwance, za ta saki da kanta.

Malama Hauwa: Batun alwala akwai sauƙi. Hajiya ta wanke inda ya samu, ta yi shafa a kan filastar da danshin hannu, kamar yadda ake yi wa ɗaurin karaya.

Maman Hanif: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na haska da tocila, ba ja ba kumburi. Nas ta ce tana tafe bayan La'asar.