Shin bayanan asibiti sun isa hujjar amincewa da magani?

Likita, Tudun Wada: Assalamu alaikum. A ganina lokaci ya yi da NAFDAC za ta riƙa yanke hukunci a kan magunguna bisa bayanan da ke taruwa kullum a asibitoci, domin gwajin da ake yi kafin rajista yakan tsallake masu juna biyu da tsofaffi da masu fama da cuta fiye da ɗaya, alhali su ne suka cika layi a wurinmu. Amurka ta yi doka a 2016 wadda ta umarci FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, ta duba wannan hanya, kuma a 2019 hukumar ta yarda a ba maza masu sankarar mama maganin Ibrance bayan ta duba irin waɗannan bayanai.

Mai harhaɗa magunguna, Kawo: Wa alaikumus salam. Dakta, ai Ibrance sai da aka gwada shi a kan mata tukuna. Matsalar ita ce, wanda ke iya sayen sabon magani sau da yawa shi ne mai cin abinci mai kyau, mai zuwa asibiti da wuri, don haka idan ya warke ba a san ko maganin ne ko wadatarsa ba. Raba marasa lafiya ta hanyar ƙuri'a a lokacin gwaji, wasu su sha sabon maganin wasu kuma ba su sha ba, shi ke kawar da wannan ruɗani. A 2020 an yi ta yabon maganin hydroxychloroquine kan cutar korona, har gwajin RECOVERY na Birtaniya ya nuna ba ya rage mutuwa.

Ma'aikacin ɗakin kati, Barnawa: Hajiya ta yi gaskiya, kuma ni da nake riƙe da fayil zan ƙara cewa yawancin bayananmu a takarda suke. Wanda ya koma kemis ko ya rasu a gida ba ya shiga lissafi.

Likita, Tudun Wada: Malam, wannan dalili ne na gyara rubutu, ba na watsi da shi ba. Thalidomide, maganin da aka riƙa ba masu juna biyu, ai lura da jariran da aka haifa da nakasa ce ta sa aka janye shi a 1961.

Mai harhaɗa magunguna, Kawo: Wannan janyewa ce, Dakta, kuma a kanta ba mu da saɓani, shi ya sa nake tura wa NAFDAC rahoton illar magani ta manhajar Med Safety. Shigar da magani kasuwa kuwa sai da gwaji. Ko mun gyara fayil ɗin, dokar kare bayanai ta 2023 tana nan, kuma ban ji ka faɗi wanda zai nemi izinin marasa lafiyar ba.