Muhawara: Fari Ne Ya Kawo Mana Kachala, Ko Madatsun Ruwa?

Malam Sale, Nguru: Assalamu alaikum jama'a. Jiya a wajen taro wani ya ce sauyin yanayi ne ya lalata fadamar Haɗeja da Nguru, kowa ya gyaɗa kai. Ni ban yarda ba. Madatsun Tiga da Challawa na jihar Kano, da ke tare ruwan da ke gangarowa kogin Haɗeja, su ne tushen ciwon, kachala kuma, doguwar ciyawar ruwan nan da ta mamaye fadamar, 'yarsu ce. Mai ja ya fito.

Injiniya Bashir, Kano: Wa alaikumus salam. Ina da ja, Malam. An kammala Tiga a 1974, a tsakiyar fari. Farin 1973 da na 1984 ba dam ya kawo su ba. Tafkin Chadi ma ya ja baya, alhali mafi yawan ruwansa daga kogunan Shari da Logon yake zuwa, ba daga kogin Yobe da ruwan Haɗeja ke shiga ba. Shi ma Tiga ce ta shanye shi?

Malam Sale: Ban musa fari ba, Injiniya. Amma fari busar da ƙasa yake yi, ita kuwa kachala ba ta rayuwa sai ƙafarta na cikin ruwa. Yaya za a yi fari ya haifi ciyawar ruwa?

Malama Hadiza, Dutse: Tambayar Malam Sale ita ce zancen. Kafin dam, kogin Haɗeja yakan cika ya malale a ƙarshen damina, da rani kuma ya ƙafe har a taka cikinsa da ƙafa. Wannan bushewar ce ke kashe saiwar kachala. Da aka gina Tiga, sannan Challawa a 1992, sai aka riƙe ruwan damina ana sakinsa kaɗan-kaɗan duk shekara saboda noman rani da ruwan shan Kano. Malalar ta ragu, bushewar ta ɓace. Ruwa marar zurfi mai tafiya a hankali, ga laka na taruwa, to kachala ta samu gida. Ta toshe hanyoyin ruwa, ruwan ya karkata ta mashigar ruwa ta Marma zuwa tafkin Nguru, wasu garuruwan suna nutsewa, wasu na ƙasa suna jiran ruwan da ba ya isowa. Duba kogin Jama'are da ke gangarowa daga tsaunukan Jos. Yanayi ɗaya suke ciki da Haɗeja, babu babban dam a kansa, kuma har yau yana cika yana ja da baya a kan lokacinsa.

Baba Audu, bakin Marma: Jikana ne ke rubuta mini. 'Yata Hadiza, abin da kika faɗa da ido na gan shi. Inda mahaifina ke jefa birgi ya kamo karfasa da tarwaɗa, yau kwalekwale ba ya ratsawa. Gonar shinkafata kachala ta cinye rabi, sauran rabin tsuntsayen jan-baki ke yi mini girbi, don a cikinta suke kwana. Ga sauro, ga tsargiya a jikin yara. Mukan yi gayya mu sare ta da lauje, kafin wata uku ta dawo.

Hajiya Rabi, Kura: Allah ya kawo sauƙi, Baba. Amma ku ji ta bakinmu mu ma. Tumatir da shinkafar da ake lodi daga Kadawa da Kura da Bunkure da ruwan Tiga ake noma su. Da shi na aurar da 'ya'ya, na biya kuɗin makaranta. Duk lokacin da masu kare muhalli suka buɗe baki sai in ji kamar tsuntsun Turai ya fi mu daraja a wurinsu.

Malama Hadiza: Hajiya, ba wanda ya ce a rushe dam. Gaskiya ne tsuntsaye na tasowa daga Turai su yi hunturu a dausayin Dagona da Baturiya, kuma saboda irin wannan ne tafkin Nguru da Marma suka zama wuri na farko a Najeriya da ya shiga yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayin duniya a 2000. Sai dai malalar da ke ciyar da tsuntsun ita ke ciyar da masunci da makiyayi da mai shinkafar fadama, ita ke cika rijiyoyi. A shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan bincikensa sun kwatanta amfanin ruwan, suka samu cewa abin da yake samarwa in ya malala a fadama ya zarce nesa abin da yake samarwa a aikin ban-ruwan Kano. Abin da ake roƙo shi ne a saki ruwa mai ƙarfi a lokacin malala, a rage sakin rani har wasu hanyoyin su bushe, a kuma yashe waɗanda suka toshe.

Aminu, Haɗeja: Anti, ki ce a ƙara sakin ruwa da damina? Mu da muka kwana a kan jinga muna cika buhunan ƙasa a 2022? Wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, amma wannan kam ba zan kama ba.

Malama Hadiza: Tsoronka a kan hanya yake, ƙanena. Shi ya sa yashe hanyoyin ruwa ke zuwa farko. Ruwan da ya tarar da hanyarsa a toshe cikin gari yake shiga. Kuma saki bisa tsari, da sanarwa tun da wuri, ya fi a bari dam ya cika maƙil ya yi ambaliya da kansa.

Injiniya Bashir: Na karɓi bayanin kachala, wannan aikin dam ne. Amma Malam Sale, kada ka wanke yanayi tas. Damina yanzu ba ta da tabbas, zafi na ƙara ƙone ruwa, mutanen Kano na ƙaruwa. Wanda zai ba da umarnin rage sakin rani sai ya san adadin ruwan da ke wuce Wudil da Haɗeja da Gashuwa kowane wata. A gyara ma'aunan kogi tukuna, a riƙa buga alƙaluman kowa ya gani.

Malam Sale: Na yarda da awo. Amma kafin a gama shi, kada a taɓa Jama'are. Maganar dam ɗin Kafin Zaki a Bauchi tana tashi tana kwanciya shekara da shekaru, kuma wannan kogin ne kaɗai ya rage yana kai wa Gashuwa da Geidam malala.

Hajiya Rabi: In za a rage mana ruwan rani, a faɗa mana kafin mu zuba iri, ba bayan mun ci bashin taki ba.

Baba Audu: Injiniya, in za ku zo awon, ku zo a watan Maris. Zan kai ku inda kogi ke bushewa a dā, ku sa sanda ku ga zurfin lakar.