Abin da aka tattauna kan fina-finan Koriya masu dogon zango

An yi muhawara kan fina-finan Koriya masu dogon zango: wanda ya kamata a fara da shi, da irin labaran da suke yawan maimaitawa. Ga abin da na tattaro daga muhawarar:

1. Kusan kowa ya yarda sabon shiga ya fara da mai kashi 16, wanda labarinsa ke ƙarewa a zango ɗaya.

2. Masu son tarihi sun ce a nemi Jumong na 2006, kashi 81. Sai da haƙuri, don jarumin rago ne da farko, kafin ya kafa Goguryeo, wata tsohuwar daular Koriya.

3. An rabu kan ɗan attajiri mai girman kai da ke son 'yar talaka. Wasu sun ce ya ishe su. Wasu sun ce uwar da ke hana auren ita ce gishirin labarin; ina bayansu.

4. Saurayi na biyu, mai kirki, da yakan rasa yarinyar: nan babu wanda ya kāre marubuta.